Darasi na 14: Ciwon Gwiwa a Wajen 'Yan Mata Masu Wasanni

Wata yarinya 'yar shekara 16 tana ƙwallon raga a filin makaranta. Ta yi tsalle, ta dira da ƙafa ɗaya, sai ta ji ƙas! a cikin gwiwarta. Ba wanda ya taɓa ta. Ƙawayenta suka tallabo ta zuwa gida. Kafin magariba gwiwar ta kumbura suntum.

Mahaifiyarta ta ce, "Targaɗe ne. Gobe da sassafe a kai ta wurin maɗori ya ja ƙafar."

Malamar wasanni da ta rako su ta ce, "Hajiya, don Allah a dakata. Gwiwar da ta yi ƙara, ta kumbura nan take, kuma ta ƙi ɗaukar mai ita, ta wuce targaɗe. Likitan ƙashi ya kamata ya gan ta."

Me ke cikin gwiwa?

Manyan jijiyoyi 4 ne suka ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri. Biyu suna gefe da gefe, biyu sun gitta juna a can ciki. Ta gaba daga cikin masu gittawar ita likitoci ke kira ACL, ita ce ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba. Idan ta tsinke gaba ɗaya, da wuya ta haɗe da kanta. Maɗori ya san ƙashi, ba mu raina sana'arsa ba, amma ja da murza ba sa ɗinke jijiya. Sai dai su ƙara ɓarna.

Binciken likitoci ya nuna mace mai wasa ta fi namiji haɗarin tsinkewar wannan jijiya da ninki 2 zuwa 8. Galibi kuma ba karo ke kawo ta ba: dira ce, ko burki na gaggawa, ko juyawa alhali ƙafa na kafe a ƙasa. Bayan balaga ƙugun mace yana faɗi, kuma 'yan mata da yawa sukan dira ƙafa a miƙe, gwiwa ta lanƙwasa ciki. Naman bayan cinya, wanda ke taya jijiyar aiki, sau da yawa ba shi da ƙarfin na gaba. Ga takalman ƙwallo, akasarinsu a kan ƙafar maza aka auna su.

Manyan 'yan wasa ma ba su tsira ba. Beth Mead da Leah Williamson na Ingila sun rasa gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa ta mata ta 2023 saboda wannan jijiya. Asisat Oshoala ta Najeriya kuwa jijiyar gefen gwiwa ta ji wa ciwo a wasan farko na kofin Afirka a Maroko a 2022, ba ta sake buga wasa a gasar ba.

In abin ya faru

A fitar da ita daga fili, kada a ce ta daure. A naɗe ƙanƙara a tsumma, a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗauke, a maimaita bayan awa 2 ko 3. Ledar fiya wata da ta daskare ta wadatar. A ɗaure da bandeji ba tamau ba, a ɗora ƙafar a kan matashi. A kwana 2 zuwa 3 na farko ban da ruwan zafi, ban da man zafi, ban da tausa, domin suna ƙara kumburi.

Sannan a nufi asibiti. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya, saboda haka in an ce "ba karaya", ba a gama magana ba. Likita zai gwada gwiwar da hannu, yana iya neman hoton MRI, wato hoton da ke nuna jijiya. Asibitocin ƙashi irin na Dala da ke Kano suna duba irin wannan. Wata gashin ƙashi da motsa jiki ya ishe ta, wata sai an yi mata aiki, kuma komawa fili yakan ɗauki wata 9 zuwa 12. Mai gaggawar komawa tana iya sake tsinke ta.

Wasu iyaye daga nan sai su ce dama wasa ba na mata ba ne. A ganina kuskure ne. Dira koyonta ake yi, kamar yadda ake koyon ɗaukar tulu a ka. Hukumar FIFA tana da tsarin ɗumama jiki mai suna 11+, na minti 20 kacal, ba ya buƙatar kayan tsada, kuma an ga yana rage raunuka in ana yin sa sau 2 ko 3 a mako.

Aikin gida

Ki sa 'yarki ta hau dandamali ko matakala ta farko, ta diro da ƙafa biyu. Ki tsaya a gabanta ki duba: gwiwoyin sun lanƙwasa kamar za ta zauna a kujera? Suna saitin yatsun ƙafa, ko sun nufi juna? Kin ji dim, ko ta sauka a hankali? Ta yi sau 10. Ki rubuta a littafinki sau nawa gwiwar ta shiga ciki, ki zo da shi aji mako mai zuwa.