Yadda zaka saita hannun birki a kan keke mai buɗaɗɗen ƙaho

'Yan uwa masu keken tsere, musamman mu da muke tsintar na gwanjo a nan Kaduna, akwai kan keke, wato sitiyarin da ake riƙewa, mai lanƙwasa kamar ƙahon rago amma ƙasansa ya baje waje. Wani buɗewarsa digiri 12 ce kamar samfurin Cowbell na kamfanin Salsa, wani har 24 kamar Cowchipper nasu, an yi shi ne don ka samu faɗin riƙo idan ka shiga gargada. Toh hannun birki shi ma bin wannan karkatar yake yi, samansa ya kwanto ciki, bakinsa ya fita waje. Sai ka ga mutum ya tafi wajen mai gyara yana cewa "Malam dan Allah miƙe min shi tsaye." Kar ka yi haka wallahi.

Ni na taɓa miƙar da nawa. Ranar da na gane illar, ina gangarowa ne a wata hanyar burji ta wajen Kujama, hannuna a ƙasan ƙaho, ga rami a gabana, na miƙa yatsa na ji bakin birkin ya kauce daga inda yatsan yake, sai da na saki riƙo kafin na cafko shi. Allah ne ya kiyaye. Gabana ya daɗe yana faɗuwa.

Fara da kwance tef ɗin da aka naɗe kan da shi, in ba haka ba hannun birkin ba zai motsa yadda kake so ba. Sannan kafin ka taɓa birki, saita kan kansa tukuna. Sassauta notunan da suka riƙe shi a tsakiya, juya shi har ƙasan ƙahon ya kusa kwantawa daidai da ƙasa, bakinsa ya ɗan kalli tayar baya, hau ka riƙe ka ji ko wuyan hannunka a miƙe yake. Ɗaure.

Yanzu ɗaga robar da ta rufe hannun birkin, zaka ga notin a ɓoye, a na kamfanin Shimano alanki mai lamba 5 ne yake shigarsa. Sassauta shi kaɗan kawai, yadda zai zame in ka tura amma ba zai faɗo da kansa ba.

Nan ne aikin yake, kuma nan mutane suke gaggawa. Ka matsa shi sama ko ƙasa har saman kan da bayan robar su zama kamar shimfiɗa ɗaya, ba tudu ba kwari, tafin hannunka ya kwanta lafiya. In ya yi sama da yawa zaka ji daɗi kana tafiya a kwalta, amma da ka sauka ƙasan ƙaho yatsa ba zai kai ba. In ya yi ƙasa da yawa kuma wuyan hannu ne zai lanƙwashe, kafin ka je Mando daga Kawo ka fara jin tsami har kafaɗa. Ni dai a irin wannan kan, riƙon ƙasa nake fara gamsarwa, don shi ne wanda zan koma masa a gangare da yashi. Sai ka tsaya ta gaba ka duba: tsinin birkin ya bi layin ƙahon, duk inda ƙaho ya karkata shi ma ya karkata. Kar kuma ka ƙara kwantar da shi ciki don gayu, ko hukumar tseren keke ta duniya, UCI, tun 2024 ta taƙaita wannan kwantarwar a digiri 10.

In yatsunka gajeru ne, yawancin hannayen birki na zamani suna da ɗan ƙaramin noti da yake matso da tsinin kusa da kan, juya shi a hankali, amma ka matse birkin da ƙarfi ka tabbatar bai taɓo kan ba.

Idan ɗaya ya yi maka, kwaikwayi shi a ɗayan. Wasu kan suna da 'yan layuka a jiki, ƙirga su. In sun goge, ɗora sanda miƙaƙƙiya a kan robobin biyu ka leƙa ta gaba ka ga ko ta yi daidai da saman kan, ko ka ari tef ɗin tela ka auna daga bakin ƙaho zuwa tsinin birki a kowane gefe.

Ɗaurin notin hannun birkin Shimano 6 zuwa 8 Nm ne (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), in kana da abin auna ƙarfin ɗauri. In babu, ɗaure har ya daina juyawa idan ka buge shi da tafin hannu, kan da aka ƙera da kabon (carbon) maimakon ƙarfe kuwa a bi shi sannu don fashewa yake. Juya kan dama da hagu har ƙarshe, ka ga wayar birki ba ta ja ba.

Kar ka mayar da tef yau. Kama wayoyin da baƙin salatef na masu wayarin, sa alanki a aljihu, ka yi kwana biyu ko uku kana hawa, kwalta da burji duka, kana tsayawa kana matsawa kaɗan kaɗan. Sai hannu ya daina ƙorafi sannan ka naɗe, ka faro daga bakin ƙaho ka yi sama.