Yadda na gano abin da ke cinye ƙwaƙwalwar sabata

Kwana uku sabar Linux ɗina, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafukan intanet, tana jan ƙafa, shafi ɗaya sai ya ɗauki lokaci kafin ya buɗe. Na zargi CPU, amma `top`, umarnin da ke nuna ayyukan da ke gudana a na'ura, ya nuna kusan ba ta aikin komai.

Sai na buga `vmstat 2`, wanda ke fitar da sabon layi duk daƙiƙa 2. Layin farko matsakaici ne tun daga lokacin da aka kunna na'urar, don haka ban dogara da shi ba. A layukan da suka biyo baya ne na ga gaskiya: `si` da `so` (kayan da ake dawowa da su daga swap da waɗanda ake kai wa can) ba su taɓa sauka sifili ba, `wa` (lokacin da CPU ke jiran faifai) kuma ya yi sama. Wato RAM ta cika, na'urar tana ta kai kaya swap, wurin da ke faifai mai karɓar abin da RAM ta kasa ɗauka, tana dawo da su, CPU na zaune tana jiran faifai. Ganin adadi a `swpd` (yawan kayan da ke ajiye a swap) kawai ba ya tayar mini da hankali; wannan kai-kawon da ba ya tsayawa shi ne ciwon.

`free -h`, mai nuna yadda RAM take, ya tabbatar, `available` (RAM ɗin da ta rage) ya kusa ƙarewa. Na koma `top`, na danna `M` don ya jera ayyuka bisa yawan RAM da suke ci, sai ga ma'aikatan php-fpm, manhajar da ke sarrafa shafukan PHP, jere a sama. Ni da hannuna na sa `pm.max_children`, iyakar yawan ma'aikatan, ya zarce ƙarfin RAM ɗin.

Na raba RAM ɗin da ta rage da girman ma'aikaci ɗaya, na rage adadin, na sake kunna php-fpm. Bayan 'yan mintuna `so` ya koma sifili, `si` ya biyo shi. Ban ma taɓa `vm.swappiness`, saitin da ke daidaita yawan kai kaya swap, ba, na bar shi a 60.