Yadda ƙaramin ɗan kasuwa zai samu rabonsa a jarin kamfanonin waje

Kuɗin da kamfanonin waje ke zubawa a Nijar ba kaɗan ba ne. Bututun man da ya taso daga Agadem zuwa Seme a gaɓar tekun Benin ya kusa kilomita 2,000, kamfanin CNPC na ƙasar Sin ne ya shimfiɗa shi, kuma a watan Mayun 2024 jirgin ruwa na farko ya yi lodin ɗanyen mai. Kafin shi akwai matatar SORAZ ta Damagaram, wadda tun 2011 aka gina ta don tace ganga 20,000 a rana. A nan Yamai kuwa, Turkawan kamfanin Summa ne suka sabunta filin jirgin Diori Hamani, suka gina otal ɗin Radisson Blu gabanin taron Tarayyar Afirka na 2019. Amma shiga kasuwar Katako ko Wadata ka nemi wanda ya taɓa sayar wa irin waɗannan kamfanoni ko da buhun shinkafa, sai ka sha yawo.

Ni aikina lissafi. Ina riƙe wa ƙananan ƴan kasuwa littattafansu, mafi yawansu ƴan uwana Adarawa masu kai da kawowa tsakanin Tawa da Yamai. A ganina jarin waje ba ya farfaɗo da tattalin arziƙi don an yanka kyalle an yi tafi. Sai ranar da mai nama da mai mota da mai walda suka karɓi kuɗinsu daga cikinsa. Ga hanyar da nake bi da masu zuwa wurina.

Fara da takarda, tun kafin ka ji labarin kwangila. Je ka Maison de l'Entreprise ka yi rajistar kasuwanci, wato RCCM, ka karɓi lambar haraji ta NIF, ka yi wa ma'aikatanka rajista a CNSS, asusun fanshon ma'aikata, ko da yaro ɗaya ne da direba. Ka buɗe asusun banki da sunan kasuwancin, ba da sunanka ba, ballantana na ƙanenka. Sannan ka riƙa sabunta takardar shaidar cewa ofishin haraji ba ya binka bashi, domin wa'adinta yana ƙarewa, kuma ta fi son ƙarewa a makon da ake nemanta. Akawun babban kamfani ba ya ƙin ka. Shi ma akwai masu binciken littattafansa, kuma ba zai iya rubuta musu cewa ya ba wani Alhaji miliyan uku a leda ba. Idan ba ka iya ba da faktir irin wadda hukumar haraji ta amince da ita, kayanka ko sun fi na kowa kyau, wani za a saya wa.

Bayan haka, gano wanda ke saye da gaske. Mutane na ɓata watanni suna zarya a ƙofar babban ofishi, alhali babban kamfanin ba shi ke sayen tumatir ba. Ya ba wani kamfani aikin ciyar da ma'aikata, wani jigila, wani gadi, wani gyaran injin sanyi. Waɗannan na tsakiya su ne abokan cinikinka. Tambayi direbobin da ke kai kaya sansani, sun san sunan kowa. Ka kuma riƙa leƙa cibiyar ƴan kasuwa da sanarwar neman masu kawo kaya a jaridar Le Sahel. A 2024 gwamnati ta fitar da doka a kan fifita ƴan ƙasa wajen aiki da sayen kaya a fannin mai da ma'adinai. Dokar za ta sa a saurare ka, amma ba za ta gyara maka kaya maras kyau ba.

Kada ka ce kana iya komai. Wanda takardarsa ta ce yana gini, yana sayar da magani, yana hayar motoci, yana kawo kaji, kowa ya san dillali ne. Zaɓi abin da ka gada ko ka ƙware a kai. Ɗan Tawa yana da albasar Galmi, yana da raguna da shanun Azawak, yana da simintin Malbaza a kusa da shi. A nan zai fi baƙo, ba a kwamfuta ba.

Yanzu ga inda mutane suka fi faɗuwa: lokacin biya. A kasuwa ka saba ciniki hannu da hannu. Kamfani kuwa yakan rubuta wata ɗaya ko biyu bayan karɓar faktir, wani lokaci uku, kuma ranar da faktir ɗinka ta shiga littafinsu ake fara ƙirga, ba ranar da ka sauke kaya ba. A ce an ba ka odar nama da kayan miya na sefa miliyan biyu kowane wata, biya bayan wata biyu. Kafin dala ta shigo hannunka ka kai kayan wata biyu, ka shiga na uku. Ke nan sai kana da kusan miliyan biyar ko shida da za ka iya mantawa da su. In ba ka da su, rage odar. Ba abin kunya ba ne ka ce rabin wannan nake iyawa. A cikin farashinka kuma ka sa kuɗin mota, da abin da zai ruɓe a hanya, da abin da za a cire maka na haraji tun daga tushe, ka kuma tabbatar ko farashin da kuka yi ya haɗa da harajin TVA, wanda yake kashi 19 cikin 100 a kan kayan da ya shafa. Wannan kashi kaɗai ya isa ya cinye ribar mutum kaf.

Wani mai albasa ya taɓa shigowa ofishina ransa a ɓace, ya zube min tarin takardu a tebur. Ya kai kaya wani sansanin ma'aikata, an ce ba a san da rabinsu ba.

"Alhaji, ina takardar odar?" na ce.

"Malam, ai ta waya ya faɗa min. Mutumin kirki ne, tare muka yi sallah."

Mutumin kirkin an yi masa canjin wurin aiki. Takardun sauke kayan kuma mai gadi ne ya sa musu hannu, babu hatimi, babu kwanan wata, ɗaya ma a bayan kwalin sukari aka rubuta ta. Abin da muka iya ƙwatowa shi ne wanda mai kula da sito ya buga wa hatimi. Saboda haka kada motarka ta tashi sai da oda a rubuce mai lamba. In an sauke, a ƙirga a gabanka ko gaban yaronka, mai sito ya rubuta sunansa, ya sa hannu, ya buga hatimi. Ka ɗauki hoton takardar da wayarka tun kana tsaye a wurin.

Ka kuma tuna cewa jarin baƙo yana da ƙafa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta rufe iyakoki, Najeriya ta yanke lantarki, ayyuka da dama suka tsaya cik. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, amma gadar Gaya ta iyaka da Benin ta ci gaba da zama a rufe, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina, da tsada da jinkiri. Ko ba siyasa ma, ma'adini na ƙarewa: ma'aikatar haƙar uranium ta Cominak ta rufe a Akokan a 2021, kuma ƴan kwangilar da ba su da wani abokin ciniki sun ji jiki. A 2024 aka ƙwace lasisin haƙar uranium na Imouraren daga hannun kamfanin Orano na Faransa, a 2025 gwamnati ta mayar da kamfanin uranium na Somaïr mallakar ƙasa. Ko me kake gani a kan waɗannan matakai, kai mai kawo kaya lissafinka ɗaya ne: kada kamfani guda ya wuce rabin cinikinka, kada kuma ka rufe shagonka na kasuwa don ka samu kwangila. Bashin banki na sayen sabuwar mota, kada tsawonsa ya wuce tsawon kwangilar da ke hannunka.

Saura maganar haɗin gwiwa. Tun da aka fara matsa wa kamfanoni su yi aiki da ƴan ƙasa, baƙi masu neman sunan aro sun yawaita. Za a ce ka kawo katinka a buɗe kamfani, kai ne shugaba a takarda, a riƙa ba ka ɗan wani abu duk wata. Ka ƙi. Ranar da haraji ya taru ko ma'aikata suka kai ƙara, baƙon ya hau jirgi, kai ne a gaban alƙali. In haɗin gaske ne, ku yi shi kamfanin SARL, wanda alhakin kowa ke tsayawa ga jarin da ya zuba, bisa dokokin kasuwanci na OHADA, a rubuta kason kowa, da abin da kowa ya kawo, kuɗi ne ko fili ko injin, da wanda ke sa hannu a banki, da yadda za a rabu in zama ya ƙi. Ka nemi a rubuta yawan yaranka da za a koya wa aikin da kuma lokacin da za su karɓe shi. Takardar kuma ka kai wa lauyanka ya karanta maka ita da Hausa kafin ka sa hannu, ba lauyan abokin haɗin ba.