Yadda Ake Tsara Taron Ƙara wa Juna Sani da Zai Amfani Ma'aikata

Duk wanda ya saba halartar tarurrukan ƙwararru a Kaduna ya san yadda akasarinsu ke gudana. Takardar gayyata ta ce ƙarfe tara, amma ba za a buɗe da addu'a ba sai wajen sha ɗaya, domin ana jiran isowar babban baƙo. Daga nan sai gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, sai jawabin maraba da saƙonnin fatan alheri, kafin mai maƙala ta farko ya karɓi makirfo an kusa kiran sallar Azahar. Mahalarta su koma gida da jaka da biro da takardar shaidar halarta, ranar Litinin kuma kowa ya ci gaba da aikinsa yadda ya saba.

Gyaran wannan yana farawa ne tun kafin a kama zaure ko a buga takardar gayyata. Kwamitin shirya taro ya zauna ya amsa tambaya guda: wane abu ne muke so mahalarci ya iya yi a wurin aikinsa bayan taron, wanda a da bai iya ba? Idan taron na shugabannin makarantun firamare ne, amsa irin "inganta ilimi a jiha" ba ta isa ba, domin babu wanda zai iya auna ta. Amsar da za ta yi aiki ita ce a ce kowane shugaban makaranta ya fita ya san yadda zai zauna a aji ya kalli darasin malami, sannan ya ba shi gyara ba tare da ya muzanta shi ba. Abu biyu ko uku irin wannan sun wadatar a taron yini guda. Duk maƙalar da ba ta kai ga ɗaya daga cikinsu ba a ajiye ta, ko da kuwa mai ita farfesa ne.

Malcolm Knowles, masanin ilimin manya ɗan Amurka wanda ra'ayinsa ya yi tashe a shekarun 1970, ya yi bayanin abin da ya bambanta babba da yaro wajen koyo. Babba yana so ya san dalilin da zai sa ya koyi abu kafin ya ba da hankalinsa, yana zuwa da gogewar shekaru, kuma ya fi karkata ga abin da zai warware masa matsalar da ke gabansa a yau. Wannan ba baƙon abu ba ne a Arewa, inda aka yi gangamin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, aka zaunar da magidanta suna koyon karatu da rubutu cikin harshensu. Ungozomar da ta shekara ashirin a ɗakin haihuwa tana da abin da za ta koya wa mai gabatar da maƙala, kuma taron da ya zaunar da ita awa biyar tana kallon majigi ya yi asarar mafi tsadar abin da ke cikin zauren.

Saboda haka a rage tsawon jawabi. Minti ashirin sun ishi mai maƙala ya faɗi abin da ya kawo, sannan a ba mahalarta minti talatin ko arba'in su yi aiki da shi. A raba su rukuni-rukuni, mutum shida zuwa takwas a kowane tebur, a ba kowane rukuni matsala ta gaske da aka rubuta a shafi ɗaya: malami ya shiga aji mai yara casa'in babu littafi, me shugaban makaranta zai ce masa bayan darasi? Su tattauna, su rubuta matsayarsu a babbar takarda, a liƙa a bango, kowa ya zagaya ya karanta ta sauran. Wannan ya fi a ce kowane rukuni ya tashi ya karanto rahotonsa, domin kafin a kai rukuni na huɗu rabin zauren ya koma kan waya. Inda abin na hannu ne, kamar cike fom ko sarrafa wata manhaja, a bar kowa ya gwada da kansa, gani ya kori ji.

Tsarin nan yana buƙatar zauren da za a iya motsa kujerunsa. Jerin kujeru masu fuskantar dandamali sun dace da lacca irin wadda ake yi a Arewa House, cibiyar nazarin tarihi da ke Kaduna, inda masani ɗaya ke magana jama'a na saurare, amma ba su dace da aikin rukuni ba. A je a duba wurin da ido kafin a biya kuɗi, a gwada lasifika, a kuma tambayi wanda zai sayi man janareta idan aka ɗauke wuta.

Akwai wata matsala da littattafan ƙasashen waje ba su cika kula da ita ba, wato kunya da girmama na gaba. Ƙaramin ma'aikaci ba zai buɗe baki ya ce tsarin ofishinsu ba ya aiki alhali daraktansa na zaune kusa da shi, kuma sau da yawa mata kan yi shiru idan maza suka fi yawa a tebur. Hanyar kauce wa hakan ita ce masu shirya taro su raba wurin zama da kansu, ta yadda ba za a haɗa mutum da maigidansa a rukuni ɗaya ba. A kuma raba ƙananan katuna domin mai tambaya ya rubuta ba tare da sa suna ba. Batun harshe ma haka yake. Kaduna gari ne da ya tara kowa, saboda haka ko da an gabatar da maƙala da Turanci, a fito fili a ce rukuni na da damar tattaunawa da Hausa ko da duk harshen da ya fi musu sauƙi.

Manyan baƙi kuwa ba a raina su, kuma galibi su ne ke buɗe ƙofar tallafi. Abin yi shi ne a fara aikin farko ƙarfe tara daidai, a sa bikin buɗewa ƙarfe sha ɗaya, a taƙaita shi zuwa minti talatin. In baƙon ya makara, babu wanda ya zauna zaman jira. Hutun abincin rana a haɗa shi da sallar Azahar, a ba shi awa guda cikakkiya, domin a nan ne ake musayar lambar waya da hirar da kan fi maƙala amfani. A guji yammacin Juma'a da safiyar Lahadi, a kuma duba ko kwanakin sun faɗa cikin azumi. Idan akwai masu zuwa daga Abuja ta jirgin ƙasa, a duba jadawalinsa a tanadi motar da za ta ɗauko su daga tashar Rigasa.

Tun a 1885 Hermann Ebbinghaus, masanin halayyar ɗan Adam na Jamus, ya nuna cewa abin da aka koya yana saurin zubewa a kwanakin farko idan ba a maimaita shi ba. Don haka rabin awar ƙarshe kada ta tafi duka wajen karanta takardar bayan taro. Kowane mahalarci ya rubuta abu ɗaya da zai gwada cikin mako biyu, ya ba maƙwabcinsa na tebur kwafi. A buɗe zauren WhatsApp wanda mutum ɗaya zai kula da shi, a hana tura abin da bai shafi aiki ba. Bayan mako shida sakataren kwamiti ya kira mutum goma sha biyar ko ashirin daga cikin mahalarta, ya tambaye su abin da suka gwada da abin da ya gagara, ya rubuta amsoshin ya miƙa wa kwamitin da zai shirya taron baɗi.