Yadda ake kama giwan ruwa da fatsa a kogin Nilu

Giwan ruwa, wanda Larabawan Sudan ke kira ijil, kifi ne mai kwanton ɓauna. Yana laɓewa a gindin dutse ko kututture, wurin da ruwa mai gudu ya haɗu da kwantacce, shi ya sa masunta ke nemansa ƙasan madatsar Sinnar da ƙasan ta Jabal Auliya. Daga Yuli zuwa Satumba Bahar Azraƙ, reshen Nilu da madatsar Sinnar take a kansa, kan cika ya yi jajir da laka, kifin ba ya ganin koto sosai. A bari sai ruwa ya ja baya ya washe, daga Nuwamba, a fita da asuba ko dab da magariba.

Koto shi ne rabin aikin. A samu karfasa mai rai, tsawon santimita 10 zuwa 15, a soka mata ƙugiya lamba 6/0 zuwa 8/0 a gadon baya, sama da ƙashi. In ƙugiya ta taɓa ƙashin, karfasar za ta sandare, giwan ruwa kuwa da wuya ya kula abin da ba ya motsi. Zaren nailan ya kai kaurin milimita 0.70, a ƙulla masa wani mai milimita 1, tsawon mita guda, kafin ƙugiya, domin murfin kunnen kifin yana da kaifi, yana datse siririn zare. Inda tsage, kifi mai kaifin haƙori, ya yi yawa, waya ta fi. Dalma giram 50 ta isa, sai ruwa ya yi ƙarfi a kai 100.

Idan ya ɗauka, kada a fizga nan take. Zuƙe koto yake yi, a bar shi ya ja zare na 'yan daƙiƙu, sannan a buga da ƙarfi. Abu biyu ke sa a rasa shi: ya tuma sama yana girgiza kai, zare ya saki, ƙugiya ta fita, ko ya nutsa cikin duwatsu ya goge zaren har ya tsinke. Don haka zare ya zauna a miƙe, a riƙa karkato kansa daga dutse.

Kada a naɗe zare a hannu, babba yana haura kilo 50, zai yanka yatsa. In ya gaji, a kamo shi ta leɓen ƙasa, a kiyayi ƙayoyin bayansa.