Yadda ake yi wa tsohon babur lamba ko da ya daɗe yana yawo ba rajista

Mu nan ƙauye yawanci mutum zai sayo babur a kwali, bakanike ya haɗa masa, shikenan daga gona sai kasuwa sai gidan suna, ba mai tuna zancen lamba sai ranar da aka tare shi a titi. Nima Boxer ɗin da yayana ya bar min ya fi shekara bakwai ba lamba, inda ya kamata ta zauna ma wani gwangwani aka maƙala aka rubuta "Sai haƙuri". Da na fara kai kaya Gujungu da Ringim ne na ga abin ba zai yiwu ba, kullum gabanka na faɗuwa in ka hango shinge. To ga yadda na bi.

Abu na farko, tun kafin ka kashe ko sisi a kuɗin mota, ka duba lambar shasi da lambar inji. Ta shasi tana jikin wuyan babur, nan ƙasan kan, inda kake juya shi, haruffa da lambobi ne guda 17 a yawancin baburan yanzu. Ta inji kuma tana jikin injin daga ƙasa, galibi ta ɓangaren giya. Tsohon babur duk ƙura da baƙin mai sun toshe wajen, sai ka samu kananzir da tsohon burushin haƙori ka wanke, in ba ta fito sosai ba ka goga alli a kai ka share da yatsa, za ka ga ta fito raɗau. Dan Allah kar ka sa sanfefa ko wuƙa ka kankare, domin duk lambar da ta yi kama da an taɓa ta kallon babur ɗin sata za a yi masa, kai da abinka ka koma kana rantse-rantse. Ka rubuta su a takarda ka kuma ɗauki hoto a waya, ka lura da 0 da O, da 8 da B, nan ake yawan kuskure.

Na biyu shi ne inda aikin yake gaba ɗaya, wato nuna cewa babur ɗin naka ne. In rasit ɗin dila na asali yana nan kuma lambobin da ke jiki sun yi daidai da na babur, ka huta. In kuma hannu na biyu ko na uku ka saya, sai ka nemo wanda ya sayar maka ku rubuta takardar ciniki, sunansa da naka, kuɗin da aka biya, lambobin nan biyu, shaidu biyu su sa hannu, ni har wajen mai unguwa muka je shima ya sa nasa, ba dole ba ne amma yana ƙara wa takarda nauyi. Mu namu rasit ɗin gara ta cinye shi a cikin adakar Inna, rabin lambar shasi kawai ya rage, dole sai da na je kotu na yi takardar rantsuwa na bayyana yadda babur ɗin ya zo hannuna, sannan na kai rahoton ɓatan takarda ofishin 'yan sanda suka ba ni tasu takardar. Ka yi fotokofi na komai kashi biyu-biyu. Wanda babur ɗinsa ta kan iyaka ya shigo, misali ta Maigatari, shi kam a shirya za a tambaye shi takardar kwastan.

Sai ka ɗan gyara babur ɗin, fitila ta kama, sigina, hon, birki gaba da baya, madubi (na san mun saba cirewa tun ranar farko mu ajiye a ɗaki, to a nemo su), taya kar ta zama ta suɗe. Jami'an VIO, masu duba lafiyar ababen hawa, za su duba shi ido da ido su gwada lambobin da takardunka, saboda haka da babur ɗin za ka je, ba a aike.

Ofishin da za ka nufa shi ne na lasisin ababen hawa, yana ƙarƙashin hukumar tara haraji ta jiha, Jigawa ko Kano duk haka tsarin yake. Ita lambar, hukumar kiyaye haɗurra FRSC ce ke bugawa, jiha kuma ta raba. Akwai fom da ake cikewa a intanet a shafinsu na NVIS, sunansa MVA 01, in ba ka iya ba yaran kafe za su cike maka su buga, amma ka tsaya a kansu ka karanta harafi-harafi kafin a tura. Ka tafi da lambar NIN ɗinka da hoton fasfo da lambar wayar da ke hannunka, sunan da ke NIN shi za a sa, ba laƙabin da ake kiranka da shi a majalisa ba.

Za a tambaye ka na hawa ne ko na haya. Na hawan kai rubutun lambar shuɗi ne, na haya ja. In ka san acaɓa za ka yi ka faɗi gaskiya tun a nan. Haruffa ukun farko na ƙaramar hukuma ne, kamar DUT na Dutse ko HJA na Haɗeja.

Wajen biyan kuɗi ne nake so a buɗe ido. Farkon zuwana wani ya tare ni tun a bakin titi, wai "Alhaji kawo in yi maka sharp-sharp", na ba shi kafin alƙalami, har yau ko ƙeyarsa ban sake gani ba. Ka shiga ciki ka tambayi farashi a kan tebur, ka biya ta banki ko POS ɗinsu a ba ka rasit mai sunanka. Inshora ma ka yi ta gaske, mafi ƙaranci ita ce wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, tun Janairun 2023 hukumar inshora ta ƙasa NAICOM ta sa ta babur naira 3,000 a shekara, kuma za ka iya danna *565*11# a waya ka duba ko ta shiga.

Lamba ba lallai ta fito ranar ba, tawa sai da na koma sau biyu. In ta zo a haɗo maka da lasisin babur da takardar shaidar mallaka, ka zauna nan a benci ka sake gwada lambar shasi da ta hoton wayarka kafin ka fita, gyara daga baya wahala ne. Lasisin babur da inshora duk shekara ake sabuntawa, shi kuma lasisin tuƙi naka na kanka daban ne, na babur ajin A ake ce masa, ga hular kwano da doka ta ce a sa.

Wajen ɗaura lambar kar ka yarda da waya ko igiyar roba, hanyar burjinmu kwana uku za ta watsar da ita. Ka sa bakanike ya ɗaure da noti biyu da washa, in da hali mai walda ya ɗan ɗiga wa notin wuta. Takardun asali a bar su gida cikin leda, nesa da gara, fotokofi kuma a ƙarƙashin sit.