Kurakuran da 'yan kasuwar Kebbi ke yi wajen ƙara wa'adin sasanci

Dillalan shinkafa na Argungu da masu albasa na Aliero na iya sa hannu a kwangilolin da suka ce in rigima ta taso, alƙalin sasanci, wato wanda aka naɗa bisa yarjejeniyar ɓangarorin biyu ya raba gardamar, shi zai yanke hukunci, ba kotu ba. Dokar sasanci ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, ita ke tafiyar da wannan. Amma wa'adin kammala shari'ar yawanci yana cikin takardar da kuka rattaba wa hannu, ko a ƙa'idojin cibiyar sasancin da kuka zaɓa. Ƙa'idojin 2021 na ICC, wato Cibiyar Kasuwanci ta Duniya, alal misali, sun ba da wata 6, kuma hukumar sasancin cibiyar na iya ƙarawa.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne ƙarin lokaci da baki. Shaida ya tafi aikin Hajji, ko damina ta hana a auna buhunan da ake gardama a kai, sai ɗaya ya kira ɗaya a waya: "Alhaji, a ƙara mana wata guda." Shi kuma ya ce, "Ba komai, ai mu 'yan'uwa ne." Kunya ta hana a rubuta. Ranar da hukunci ya fito, wanda ya faɗi sai ya garzaya Babbar Kotu a Birnin Kebbi yana cewa wa'adin alƙalin ya ƙare tun kafin ya yanke. Gyaran ba wuya: takarda ɗaya, ɓangarorin biyu su sa hannu, a rubuta sabuwar rana ƙarara, a miƙa wa alƙalin. Kuma a yi haka tun wa'adin bai cika ba, domin bayan ya cika wanda ya ga zai faɗi ba zai sa hannu ba.

Akwai kuma masu shiru. Ka san lokaci ya wuce, ka ci gaba da zuwa zama ba ka ce uffan ba, doka na ɗaukar cewa ka yafe hakkinka na ƙorafi. In kana da ja, rubuta shi nan take.

Wata 3 kawai doka ta ba ka daga ranar da ka karɓi hukunci ka nemi kotu ta soke shi. Mutane kan cinye su suna jiran dattawan kasuwa su sulhunta. Sulhu alheri ne, a ci gaba da shi, amma lauyanka ya shigar da takarda kafin watannin su ƙare.